Awa Huɗun da Na Roƙa a Hannun Alhaji

Wata Litinin ce a farkon daminar 2024, kwana biyu bayan an yi ruwan shuka. Duk wanda ya san harkar taki a Zariya ya san abin da hakan ke nufi. Tun kafin ƙarfe takwas diloli sun cika harabar sitonmu da ke Sabon Gari, wasu daga Giwa, wasu daga Soba da Maƙarfi, motoci sun yi layi har bakin titi, 'yan dako sun tuɓe riguna suna jiran a ce musu bismilla. Ƙarfe tara da 'yan mintoci mai karɓar kuɗi a kanta ta farko ya danna a fitar da rasit, kwamfuta ta tsaya tana juya ɗan zobenta. Ta biyu ma haka. Kafin in taso daga reshenmu na Samaru in ratso Kwangila, an kira wayata ya fi sau goma, don ni ne mai kula da kwamfutocin kamfanin.

A wurinmu buhu ba ya fita sai da rasit, rasit kuma ba ya fita sai saba ta yarda. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke wani ɗan ƙuntataccen ɗaki bayan ofishin akanta, wadda sauran kwamfutocin kanta da na rassa ke ɗebo bayani daga gare ta. Masu fassara sun raɗa mata uwar garke, mu dai saba muke ce mata, Alhaji mai kamfanin kuwa "injin nan naka" yake cewa, musamman ranar da ransa ya ɓaci.

Da na shiga ɗakin na tarar komai a kunne, fitilu na ƙyaftawa, fanka na juyawa. Faifan ajiya ne ya cika fal, ko wurin ajiye allura babu. Manhajar lissafinmu a kan SQL Server, manhajar adana bayanai, take zaune, shi kuwa fayil biyu yake riƙewa: ɗaya na bayanan kansu, ɗaya kuma kamar littafin mai gadi ne, duk canjin da za a yi sai an fara rubuta shi a ciki. Wanda ya kafa mana tsarin tun farko ya zaɓi yanayin da littafin ba ya sakin tsofaffin shafukansa sai an ɗauki kwafinsa shi kansa. Ba laifi ba ne, haka ya kamata a yi wa wurin da ake ciniki. Laifin shi ne babu wanda ya taɓa ɗaukar kwafin. Bayanan kamfani gaba ɗaya ba su kai gigabait 20 ba, littafin ya haura 300. Shekara da shekaru yana ƙiba a ɓoye.

Sai bayan Azahar muka dawo kan aiki. Kafin nan an koma rasit na hannu, kuma dare uku Hajiya akanta da yaranta suna shigar da su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe lissafin buhunan sito da na kwamfuta suka ƙi haɗuwa sai da aka sake ƙirga. Abin da ya fi ci mini rai ban faɗa wa kowa ba a ranar: da na buɗe rajistar da Windows ke rubuta koke-kokenta, na ga makonni tana gargaɗin cewa wuri na ƙarewa. Shekarata biyu a kamfanin, ban taɓa buɗe rajistar nan ba sai in wani abu ya riga ya tsaya. Aikina kashe gobara ne, kuma in faɗi gaskiya ina jin daɗin kirarin da ake yi mini in na kashe.

Abin da na fara yi bayan ƙura ta lafa ba wani aikin gwaninta ba ne. Littafi mai bango na saya a kasuwa, na ɗauki ɗalibin da ya zo koyon aiki wurinmu, muka bi ofis-ofis muna rubuta duk abin da ke da waya a jikinsa: mene ne shi, wace manhaja ke kansa, wane zubi, wa ya sa ta, wa ke da kalmar sirri, kuma in ya mutu yau aikin wa zai tsaya. Na ɗauka yini ɗaya zai ishe mu. Mako biyu muka yi.

Babbar sabar Windows Server 2012 R2 ce ke kanta, wadda Microsoft ta daina fitar wa facin tsaro kyauta tun 10 ga Oktoba 2023. A lokacin akwai ƙarin shekara uku ga mai iya biya, amma da dala ake biya, ban ma kai wa Alhaji zancen ba. SQL Server ɗin na 2014 ne, shi ma wa'adinsa 9 ga Yuli 2024, wato saura 'yan makonni a lokacin. Ƙaramar sabar da ke riƙe da fayiloli da shafin da diloli ke duba farashi manhajar Ubuntu 18.04 ce ke kanta, tata kulawar ta ƙare a ƙarshen Mayu 2023. Ashe gidan gaba ɗaya a kan katakon da gara ta ci yake tsaye. Faci dai shi ne kalmar da muke amfani da ita, kuma ta dace, don aikinsa ɗaya da na mai facin taya: an gano huda, an liƙe. Manhajar da aka daina yi wa faci ba ta daina hujewa, masu liƙewa ne kawai suka tashi daga bakin titin.

A ƙarƙashin teburin sakatare muka tarar da wata tsohuwar kwamfuta, ba allo, ba madannai, ƙura ta yi mata bargo. Na tambayi kowa, babu wanda ya san aikinta. Na ce wa yaron ya kashe ta mu rage cin wuta. Minti biyar ba a yi ba Hajiya ta leƙo tana tambaya ko lafiya, manhajar lissafi ta ce ba mu da lasisi. A bayan kwamfutar akwai wani ɗan abu mai kama da filashi, shi ne makullin lasisin, duk kamfanin da shi yake numfashi. Muka kunna ta da sauri, na samo farin tef na rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe kada a kashe. Tun daga ranar, duk abin da ban san aikinsa ba sai in cire masa wayar netwok da yamma bayan an tashi, in zauna in ga wa zai yi kuka.

Abu biyu kuma suka hana ni barci. Na farko, ƙofar shiga saba daga nesa, lamba 3389, a buɗe take ga duk duniya, don masu manhajar lissafin da ke Legas su riƙa shigowa in an kira su. A rajista na ga ana gwada kalmomin sirri dare da rana daga wuraren da ba mu da kowa. Na biyu, kwafin ajiya. Akwai wani faifai da aka jona a bayan sabar, kowa na nuna shi da alfahari in an yi zancen. Da na buɗe, kwafi na ƙarshe da ya kammala ya kusa wata bakwai. An canza kalmar sirrin asusun da ke aikin, shi kuma ya ci gaba da tashi kowane dare yana faɗuwa, ba mai ji. Ko da yana aiki ma, faifan da ke manne da saba kullum ba ajiya ba ne. Tsawa ɗaya a damina za ta ƙone su tare, manhajar garkuwa da bayanai kuwa, irin wadda ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ba ta bambance saba da abin da ke jikinta.

Ƙofar na rufe a daren, na maye gurbinta da VPN, wato sai wanda muka ba makulli ne zai iya kaiwa bakin ƙofar ma. Sauran aikin kuwa duk yana buƙatar abu ɗaya da ba ni ke da shi ba: lokacin da za a kashe saba da gangan.

Na sami Alhaji bayan La'asar yana shan shayi a ofis. Na shirya maganata tsaf, na kawo misalin da nake ganin ba zai iya musawa ba.

"Ranka ya daɗe, tirelolinmu ai kafin damina ake kai su gareji a juye mai, a duba birki. Ba a jira sai sun tsaya a hanyar Funtuwa."

Ya ajiye kofin. "Injiniya, mota in za ta lalace tana faɗa. Direba zai ji ƙara, zai ga hayaƙi. Injin nan naka shekara nawa yana aiki ba wanda ya taɓa shi? Abin da ke tafiya lafiya ka ce a kashe shi a kunna? In ya ƙi tashi fa?"

Tambayarsa ta ƙarshe ba ta wauta ba ce, ni ma ita ke cikina. Na buɗe kwamfutata na nuna masa jerin gargaɗin da sabar ta yi ta rubutawa kafin ranar Litinin ɗin nan, layi bayan layi da kwanan wata. Na ce ita ma tana faɗa, direbanta ne bai saurara ba, kuma direban ni ne. Ya dube ni ya daɗe. Ina jin amsa laifin ya fi misalin motar tasiri. Ya ce in rubuto abin da nake so.

Ina cikin rubutawa sai ga 19 ga Yuli. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya tura wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci suka riƙa faɗuwa suna nuna shuɗin allo, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Juma'a ce, Alhaji ya ji a rediyo, ana saukowa daga masallaci ya kira ni. "Ka ji abin da sabuntawar taka ta yi wa Turawa?" Na ce na ji, kuma abin da ya same su shi ne an zuba wa kowa a lokaci guda ba tare da an ɗanɗana wa kaɗan ba tukuna. Na tuna masa da ɗaya gefen. A 2017, Microsoft ta fitar da facin wata huda ranar 14 ga Maris, mutane da yawa ba su sa ba, ranar 12 ga Mayu manhajar garkuwar nan WannaCry ta bi ta hudar ta kulle kwamfutoci a duniya, har asibitocin gwamnatin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wata biyu maganin yana ajiye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wanda ya yi yaɓe da gaggawa shi ma bangon kan faɗo masa. Tsakanin biyun nan za mu bi, kuma bin tsakiyar ne ke buƙatar lokaci.

Zaman da ya fi kowanne amfani shi ne wanda muka yi mu huɗu: Alhaji, Manaja, Hajiya akanta da ni. Tambaya biyu na kawo. In saba ta mutu, awa nawa za mu iya jurewa kafin ta dawo? Kuma cinikin awa nawa za mu iya sake shigarwa daga takarda in ya ɓace? Alhaji ya ce ko minti ɗaya ba ya so. Na ce ana iya kusantar haka, amma sai an sayi saba biyu masu riƙe wa juna, da lasisi biyu, da layin intanet biyu, na faɗi kimanin kuɗin. Ya ce a tambayi Hajiya. Ita ta ba da amsar da muka gina komai a kanta: in ba damina ba, rabin yini da rasit na hannu ba zai kashe kowa ba, a damina awa biyu ta yi yawa, kuma fiye da cinikin rabin awa ba ta son sake shigarwa, don nan ne lissafi ke rikicewa. Daga wannan amsar na tsara a riƙa ɗaukar kwafin littafin mai gadin nan na SQL Server duk minti talatin, wanda shi ne kuma maganin ƙibar da ta kayar da mu, sannan cikakken kwafi kowane dare.

Ajiyar na bi tsohuwar ƙa'idar da masu aikin nan suka sani: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Ɗaya na kan wata na'ura a ofis, ɗaya na tafiya ta intanet da tsakar dare lokacin da layi ba cunkoso, ɗaya kuma faifai biyu ne da muke musanyawa, duk Juma'a Manajan Samaru ya tafi da ɗaya a jakarsa ya dawo da ɗayan, a kulle da kalmar sirri ko da zai manta shi a Keke Napep. Sai na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na zuba kwafin a kanta kamar sabar ta ƙone. Gwajin farko awa shida ya ci, rabinsa neman faifan girka manhaja da lambar lasisi. Na tattara su wuri ɗaya, na rubuta matakan, na biyu ya sauko ƙasa da awa biyu. Hajiya ta zauna ta buɗe cinikin jiya ta gwada da takardunta kafin ta yarda. Kwamfutar nan ita ta zama wurin ɗanɗano, duk faci sai ya kwana a kanta kafin ya je ga babbar.

Zaɓen lokacin ya fi komai jan rai, kuma a nan na gane kalandar da ke cikin littattafan aikinmu ba don Zariya aka yi ta ba. Manaja ya ce a yi lokacin sallar Juma'a tunda ana rufewa. Na ƙi, don awa ɗaya da rabi ce, ni ma masallacin zan je, kuma in abu ya karkace jama'a na dawowa za su tarar da mu. Dare aka kawo, shi ma na ƙi. Masu manhajar lissafi ba sa ɗaga waya da dare, janareta sai an tayar mata da mai gadi, kuma mutumin da ya yini yana aiki ba shi ya kamata ya riƙa danna abin da ba a iya janyewa ƙarfe ɗaya na dare ba. Muka tsaya a kan Lahadi bayan sallar Asuba, daga shida zuwa goma, sau ɗaya a wata. Sabon Gari ba ta cika da wuri ran Lahadi, gari da sanyi, kai a sake.

Wace Lahadi? Microsoft na fitar da facinta Talata ta biyu a kowane wata, al'adar da ta fara tun 2003, kuma a agogonmu yakan iso ne wajen Magariba. Laraba in karanta abin da ya ƙunsa da abin da waɗanda suka riga mu sawa ke cewa. Alhamis in sa a kwamfutar gwaji da kanta ɗaya, wadda ba ta fiye layi ba. Mai kantar ya yi mako guda yana aiki da ita, ya fitar da rasit, ya soke rasit, ya rufe cinikin yini. In ba a ji komai ba, Lahadin da ta biyo bayan makon sai sauran. Kwana goma sha biyu ke nan tsakanin fitowar faci da shigarsa. In an sanar cewa ɓarayi sun riga sun fara bi ta hudar, ba ma jira haka, kwana biyu ne ko uku, kuma Alhaji ya yarda in kira shi kai tsaye.

Sai ranakun da ba a taɓa komai. Wannan Manaja da Hajiya suka fi ni sani, ni rubutu kawai na yi. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli, lokacin taki da maganin feshi, babu sabon abu sai facin tsaro. Kwana ukun ƙarshen wata da biyun farko na albashi da rufe lissafi ne. Makon Sallah ba a yi, don rabin ma'aikata sun tafi gida, kuma Babbar Sallah ta 2024 da ta 2025 duk a Yuni suka faɗo, tsakiyar ruguntsumin taki. Ƙarshen Disamba ƙidayar sito ce. Azumi na matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, don haka kalandar ba ta maimaituwa, sai an zauna an sake ta. Da aka cire duk waɗannan, abin da ya rage wa manyan ayyuka shi ne tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, bayan an kwashe amfanin gona, masu noman rani kuma sun riga sun sayi nasu. A jikin kalandar bango irin wadda kamfanonin taki ke rabawa na zana komai da jan biro da shuɗi, na ƙara da ranakun da wasu abubuwa ke mutuwa da kansu: sunan shafinmu, lasisin manhajar lissafi, na maganin ƙwayar cuta, da takardar shaidar tsaron shafin diloli, wadda ta Let's Encrypt ce mai kwana 90. Tana sabunta kanta, amma na ga isassun abubuwan da ke yin kansu a ɗakin nan.

Lahadin farko a Agusta ta zo. Tun Alhamis na sanar a zauren WhatsApp na ma'aikata, Asabar da yamma na tabbatar kowace kanta na da littafin rasit na hannu. Kafin in taɓa komai na sa aka tayar da janareta duk da akwai wuta, domin faci in ya yi rabi aka ɗauke wuta, abin da zai biyo baya ya fi rashin facin muni. Batiran UPS ɗinmu, na'urar da ke riƙe saba in an ɗauke wuta, a lokacin minti huɗu suke riƙewa. Masu yin su kan ce shekara uku zuwa biyar, amma a ɗaki mai sanyin digiri 25 suke lissafi, ba ɗakin da ya sha zafin Afrilu a Zariya ba. Na ɗauki hoton sabar gaba ɗaya, wato cikakken kwafinta, a faifai, na fara zuba mata facin da aka tara har zuwa Oktoba 2023, na kashe tsohuwar hanyar raba fayil ɗin da WannaCry ta bi, sannan na danna ta kashe ta kunna. Lissafinta ya nuna ta haura kwana 400 rabon da a yi mata haka da gangan.

Ta tashi. Manhajar lissafi ce ba ta tashi ba. Na yi ta dube-dube gumi na karyo mini, yaron na tsaye bayana ya yi tsit. A takardar shirin na rubuta cewa in ƙarfe takwas da rabi ta yi abu bai daidaita ba, a daina bincike a mayar da hoton da aka ɗauka, don mayarwar na cin awa ɗaya da wani abu. Wannan layin na rubuta shi ne don kaina, na san halina, in na sa kai a matsala sai in ce saura kaɗan har rana ta take. Takwas da kwata na gano: wani ɗan ɓangaren manhajar da ke magana da makullin lasisi ba a saita shi ya tashi da kansa ba, wanda na gada da hannu yake tayar da shi, kuma dole sai bayan SQL Server ya gama miƙewa. Ba a rubuce yake ko'ina ba, yana cikin kan mutumin da ya bar aiki shekara biyu da suka wuce. Da a ce wuta ce ta kashe sabar ranar kasuwa, da a gaban diloli zan yi wannan binciken. Na gyara, na sake kashewa na kunna har sau biyu don in ga ta tashi ba hannuna. Tara da rabi Hajiya ta fitar da rasit na gwaji, muka aika aka sayo ƙosai.

Ƙa'idar takwas da rabi sau ɗaya muka yi aiki da ita, a Nuwamba, lokacin da sabon zubin manhajar lissafi ya ƙi jituwa da firintocin rasit na Samaru, irin da ba mu da shi a wurin gwaji. Muka koma baya, aka buɗe kanta ƙarfe goma kamar ba a yi komai ba, na sayo irin firintar na ajiye kusa da kwamfutar gwaji.

Tsakanin Lahadi da Lahadi aikin minti goma ne kowace safiya, kuma yaron ke yi: kwafin daren jiya ya kammala? faifai ya kai kashi nawa? akwai jan layi a rajista? batir na caji? Ya sa hannu a littafi. Na kuma saita saƙo ya shigo wayata in faifai ya kai kashi 80. Da hunturu ya shigo muka ƙara hure ƙura duk wata, don hazon Disamba na toshe fankokin har sabar ta fara rage gudu saboda zafi, a yi ta zargin manhaja.

Babban aikin, ƙaura zuwa sabuwar saba, mun yi shi ƙarshen Janairu 2025. Windows Server 2022 muka sa, mai wa'adi har Oktoba 2031, da SQL Server 2019. Ubuntu kuwa ban bi ta tsani-tsani ba, sabuwa na girka na kwashe kayan. Abin da na fi jaddada wa su Hajiya shi ne ƙaurar hanya ɗaya ce: bayanan da sabon SQL Server ya buɗe, tsohon ba zai iya karɓarsu ba. Don haka tsohuwar sabar ba mu taɓa ta ba, mun kashe ta mun ajiye, kuma mako biyun farko kowace kanta na ajiye kwafin rasit na takarda, ko da za a koma. Sau uku na yi ƙaurar a wurin gwaji ina riƙe da agogo kafin ta gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Manaja, wanda wata shida baya shi ke cewa a yi komai lokacin Juma'a. Makullin lasisin ma ya bar ƙarƙashin teburin sakatare, amma tsohuwar kwamfutar na nan da tef ɗinta, sakataren ya ce ya saba ɗora ƙafa a kanta.

Daminar 2025 ta wuce, rasit bai tsaya ba sai sau ɗaya, shi ma tsawa ce ta ƙone na'urar raba netwok, muka sa ta ajiya cikin minti ashirin. A lokacin abin da ke gabana kwamfutocin kanta ne. Guda goma sha ɗaya ne, duk Windows 10, wadda wa'adinta 14 ga Oktoba 2025. Bakwai daga ciki ba za su ɗauki Windows 11 ba, ba su da ɗan guntun tsaron nan TPM 2.0 da take nema. Na kai wa Alhaji takardar kuɗin canza su, ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ninke ta biyu.

"Injiniya, waɗannan ma lafiyarsu ƙalau ko?"

"Lafiyarsu ƙalau, ranka ya daɗe."

"To, bari diloli su sayar da masara su biya mu bashi."

Masarar ba za ta shiga kasuwa sosai ba sai wa'adin ya wuce. Na dawo ɗakin saba na raba bakwai ɗin gida biyu, huɗun da ke taɓa kuɗi da ukun da ke duba sito kawai, na rubuta huɗun a Lahadin Oktoba da fensir, sauran na tura su Janairu.